Golmon Kofur Ebenezer a Gonar Wuta-wuta

Monica ce ta fara ba ni wannan labari, wato matar Kofur Ebenezer da kanta, muna zaune a tsakar gidana muna ɓarar gyaɗa. Saboda haka duk wanda ya ce ƙarya ne ya je ya same ta, gidansu na nan bayan coci. Ni dai abin da na ji shi nake rubutawa, ban ƙara gishiri ba, don labarin da gishirinsa ya zo.

Kofur Ebenezer tsohon soja ne, kamar yawancin dattawanmu na Zuru. Sai dai shi a bariki tukunya aka ba shi, kuku ne, kowa ya sani. Amma in ka zauna kusa da shi, ba yaƙin da aka taɓa yi a duniya ba da shawararsa ba. Mutumin kirki ne fa, kada ku ɗauka zaginsa nake yi. In ka yi rashin lafiya shi zai fara zuwa gaishe ka. Abu ɗaya ne kawai Allah bai sa a bakinsa ba, shi ne ya ce, "Ban sani ba."

Babban ɗansa Justice shi ma soja ne, an tura shi can gabas. Yana son Glory, 'yar Baba Sila na Dabai, ita ma tana sonsa har ta rame. Baba Sila kuwa mutumin da ne. Ya ce shi da golmo ya auri uwar Glory, wato noman da saurayi kan yi wa uban yarinya kafin a ba shi ita, don haka ba zai miƙa 'yarsa ga gidan da bai taɓa sa masa fartanya a gona ba. Bai ce a yi masa shekara da shekaru irin na zamaninsu ba, damina ɗaya ya nema. In ba a yi ba kuwa, akwai wani malamin makaranta a Bena da ke ta aiko da gaisuwa da kaji.

To, soja ba ya ajiye bindiga ya taho noma. Glory ta yi kuka, Monica ta yi tagumi. Kofur ya miƙe ya daki ƙirji.

"Ni zan yi wa yarona golmon."

Monica ta ce, "Baban Justice, kai da in ka durƙusa addu'a sai an kama ka ka tashi?"

Ya ce, "Maman Justice, gwiwa ba ta noma. Nan ke noma." Ya ƙwanƙwasa goshinsa da yatsa.

Ya sa tsohon kakinsa wanda maɓallan ciki suka daina gaisawa, ya hau keke sai Dabai. Baba Sila ya dube shi sama da ƙasa, ya ce tunda aka kafa ƙasar nan bai taɓa ganin ɗan golmo mai furfura ba, amma ba komai. Ya kai shi wata gonarsa a gindin dutse. Gonar ta daɗe tana ba shi ciwon kai saboda wuta-wuta, ciyawar nan mai fure ruwan hoda da ke kama saiwar dawa ta tsotse ta har ta bar ta kamar tsintsiya.

Da jin sunan wuta-wuta sai fuskar Kofur ta washe. Ashe kwanakin baya ya je wani taron manoma a gindin mangwaro, inda malamin gona ya ce irin wuta-wuta ƙanƙane ne kamar ƙura, yana iya shekaru yana barci a cikin ƙasa. Ba ya tashi sai ya sha danshi, sannan ya ji ƙanshin saiwar dawa kusa da shi. In aka yaudare shi ya tsiro alhali babu dawar da zai kama, yunwa ce za ta kashe shi tun a ƙasa. Malamin ya ci gaba da faɗin abin da ake shukawa don a yi yaudarar, su wake da gyaɗa da waken suya. Wannan kashin Kofur bai ji ba, don a lokacin ya riga ya juya yana yi wa na bayansa bayanin abin da malamin yake nufi.

Ya ce, "Baba, bana kada ka shuka ko ƙwayar dawa a nan. Kwanton ɓauna zan yi musu. Zan tashe su duka, in bar su da yunwa."

Baba Sila ya ce, "Ni kuma me zan ci?"

"Nasara, Baba."

Tsohon ya yi lissafi. Yana da wata gona a kan tudu wadda ke ciyar da gidan, wannan kuwa dama ya fid da rai da ita. Ya ce, "To, suruki, ga ka ga ta."

A bariki, Kofur ya san hanya ɗaya ce ta tashin mai barci. Ya aro begilar 'yan Birged, samarin nan masu fareti na coci. Da sassafe, cikin zafin bazara, ya tsaya a tsakiyar busasshiyar gona, ya saita bakin begila ƙasa, ya hura iya ƙarfinsa.

Lawwali, mai gonar da ke maƙwabtaka, yana tafe da jakinsa ɗauke da mangalar taki. Jaki ya ji ƙarar da bai taɓa ji ba, ya yi tsalle, ya zubar da takin a kan maigidansa, ya nufi garin Sakaba ba sallama.

Lawwali ya tashi yana kakkaɓe hula. "Kofur, mi ya faru? Yaƙi ya iso Dabai?"

"Malam Lawwali, ja baya. Abokan gaba nake tasa."

"Ina suke?"

"Ƙarƙashin ƙafarka."

Lawwali ya ɗaga ƙafa ɗaya ya duba, ya ɗaga ɗayar. "To, in sun tashi ka ce su tai su kamo mini jakina."

Kofur ya yi ta hurawa har leɓensa ya kumbura kamar ƙosai. Karnukan gari suka taru suna yi masa amshi. Ƙasa ko motsi. Sai ya tuna da maganar danshi, ya ce ai dama begilar gargaɗi ce kawai, yanzu za a fara yaƙin.

Ya shiga jidar ruwa daga rijiyar unguwa, jarkoki a gaban keke, jarkoki a baya. Safe da yamma yana yi, gwiwa na ƙara, shi yana fito. Ba a daɗe ba matan Dabai suka zura guga suka jawo laka. Suka bi sawun keke har gona da bokitansu a ka, suka iske ruwan tuwonsu kwance a ƙasar da ba a shuka komai ba.

Wata ta ce, "Baba Kofur, mu da me za mu yi wa yara wanka?"

Ya ce, "'Yata, a lokacin yaƙi ba a wanka."

Ba don Glory ta rugo ta shiga tsakani tana ba su haƙuri ba, da ranar an yi masa wanka da laka.

Amma ruwa ya yi aikinsa. Gona ta yi kore shar a tsakiyar rani. Ƙarangiya ta fito, tafasa ta fito, aya-aya da harƙiya suka fito, har da wasu ciyayi da tsofaffi suka ce rabonsu da su tun suna yara. Kowa ya tashi ban da wanda ake nema. Kuma da yake a duk faɗin ƙasar nan babu wani ɗanyen ganye sai a gonar Baba Sila, labari ya kai kunnen dabbobi. Awakin Dabai suka zo, tumaki suka biyo. Wani makiyayi ya gangaro da shanunsa daga bayan dutse, suka yini suna ci, da yamma ya kawo wa Kofur ƙwaryar nono ya ce bai san akwai masu tausayin shanu haka a garin ba.

Kofur ya karɓi nonon ya shanye. Ya ce wa Lawwali, "Ka gani? Har ƙasashen waje sun fara aiko da tallafi."

Lawwali ya ce, "Na gani. Sun kuma bi ta kan shingena."

Saura ƙanshin saiwar dawa. Yaya za a yi a samu ƙanshin dawa ba tare da an shuka dawa ba? Kofur ya yi ta juya abin a kansa yana tura keke, sai ya bi ta ƙofar gidan Maman Success mai burkutu. Ya leƙa, ya ga ta shanya jiƙaƙƙiyar dawa a kan tabarma, duk ta fid da fararen saiwoyi, irin tsiron da ake yin giyar da shi. Ya saki keke ya faɗi.

"Ga ƙanshin nan! Ga shi nan a kwance!"

Ya kwashe ruwan jiƙon dawa, ya kwashe dusar burkutu da ta kwana tana tsami. Don kada abokan gaba su yi shakka, ya haɗa har da tsiron kansa, tabarma guda. Maman Success ta ce, "Baba Kofur, wannan fa mai rai ce." Ya ce, "Ni ma mai rai ne." Ya kai gona ya watsa ko'ina, ya bi da fartanya ya rufe da ƙasa.

Wuta-wuta dai ba mu san me ta ji ba, amma aladun Dabai sun ji. Kafin rana ta take, duk wani alade da ke da hanci ya fasa turkensa. Suka tona, suka ci dusa, suka bugu. Wani ya kwanta ya miƙe ƙafafu sama yana kallon gajimare. Wata uwar aladu ta bi Kofur da gudu har ya haye surin gara, ta zauna a gindi tana dubansa kamar tsohuwar budurwarsa. Masu aladu suka zo suna jan su da igiya, aladu na tangaɗi, mutane na zagi.

A hanyar komawa gida ya yi kiciɓis da Fasto Philemon. Fasto ya miƙa hannu, sai ya shaƙi warin burkutu, ya ja da baya.

"Dattijo Ebenezer, kai fa kake raba Jibin Ubangiji a coci ran Lahadi."

"Fasto, ba ni na sha ba. Gona ce ta sha."

Fasto ya ce, "Na daɗe ina wannan aiki. Na ji 'abokina ne ya sa ni', na ji 'magani ne'. Yau na fara jin gona."

Ruwan sama ya sauka. Abin da aladu suka rage na tsiron Maman Success ya ɗago kai. Ba layi, ba kunya, dawa ce kawai ta fito ko'ina kamar gashin kan jariri.

Monica ta je kai masa abinci, ta gani, ta ajiye kwano ta riƙe ƙugu.

"Baban Justice, ba kai ka ce kada a ga ko ƙwayar dawa a gonar nan ba?"

"Na ce kada a shuka. Wa ya shuka? Da kanta ta fito."

"To tumɓuke ta mana."

"Kin taɓa ganin gonar da ta shuka kanta? A ce ni na fara yi a ƙasar Zuru, sannan in tumɓuke da hannuna?"

"Wuta-wutar da ka tasa fa, ba ita za ta kama ba?"

"Wannan dawa ta sha giya tun tana ƙarama. Ba mai iya kama ta."

Glory ma ta same shi, ta durƙusa har ƙasa. Ta ce, "Baba, don Allah ka yi noma irin na kowa. Ko kwando ɗaya aka samu, babana zai haƙura. Mutumin Bena ya sake aiko da kaji." Kofur ya ji tausayinta ƙwarai, har idonsa ya kawo ruwa. Ya dafa kanta ya ce, "'Yata, share hawaye. Noma irin na kowa na 'yan mata irin na kowa ne. Ke ta dabam ce."

Ran Lahadi ana ba da shaida a coci, ya miƙe ya karɓe lasifika. Ya sanar da cewa ya gama da wuta-wuta a gonar surukinsa, kuma yana gayyatar kowa da kowa, Kirista da Musulmi, su zo su gani da idonsu idan dawa ta kai ƙugu. Monica ta rufe fuska da littafin waƙa.

Daga nan gwiwa ta rama abin da aka yi mata. Ta kumbura kamar kabewa, ta kwantar da shi makonni. Gona ba ta ga ƙeyarsa ba. Duk wanda ya zo dubiya ya buɗe baki zai ce, "Kofur, gonar nan fa..." sai ya tare shi: "Na sani, na sani. Kada ka ɓata wa mutane mamaki."

Ranar da aka sa ta zo. Bayan an tashi daga coci aka ɗunguma. Kofur na gaba da kaki da sanda, 'yan Birged na buga ganga, Fasto da lemarsa, matan zumuntar coci da anko, Baba Sila da dattawan Dabai a baya. Lawwali da mutanensa suna jira a bakin shinge. Glory na can ƙarshen layi tana addu'a.

Aka zagayo dutse. Ganga ta yi shiru da kanta.

Tun daga gindin dutse har shingen Lawwali, fure ne ruwan hoda, ya rufe ƙasa ruf kamar an shimfiɗa zanen biki. Tunda ake wuta-wuta ba a taɓa ganin wadda ta ƙoshi irin wannan ba. Dawar kuwa tana can ƙasa, rawaya, ko gwiwa ba ta kai ba. Wani tsoho ya cire hula.

Kofur ya tsaya yana kallon gonar. Amma soja soja ne. Ya juyo ya buɗe hannuwa.

"Jama'a, me na ce zan yi? Na ce zan tashe su. Na tashe su ko ban tashe su ba?"

Lawwali ya ce, "Wanga kam gaskiya ce. Har kakanninsu sun taso."

"Ko guda ba ta rage a ƙasa ba! Duk ga su a fili, sun miƙa wuya."

Baba Sila ya ce a hankali, "Suruki, ka ce yunwa za ta kashe su. Waɗannan sun fi ni ƙiba."

"Baba, saura hukunci. Yanzu za ka gani."

Ya faɗa gona yana ɗingishi, ya tumɓuko runguma guda, ya tara a kan wani falalen dutse. Da yawansu furen ya riga ya bushe, 'ya'yan sun nuna. Dattawa suka gane abin da zai yi, suka ɗaga murya baki ɗaya: "Kada ka buga! A ƙona su! Kofur, kada ka buga!"

Shi kuwa ya ɗauka kirari suke yi masa. Ya ɗaga sanda ya shiga jibga, yana ƙirga musu laifuffukansu. Ƙurar iri ta tashi kamar hayaƙi. Daidai nan iskar hadari ta taso daga gabas, ta ɗauki ƙurar ta nufi gonakin mutane.

Abin da ya biyo baya, Monica ta ce ko a ranar tashin matattu ba ta sa ran ganin irinsa. Lawwali ya baza babbar rigarsa yana gudu a bakin shinge yana tare iska, yana ihu, "Ba nan ba! Ba nan ba!" Fasto ya buɗe lema a gaban gonar coci, iska ta juye ta. Matan zumunta suka kwance mayafai suka jeru suna kaɗa iska ta koma inda ta fito. Mai gonar yamma yana kaɗowa gabas, mai gonar gabas yana kaɗowa yamma, har suka kaure da faɗa. Kofur ya kai duka na ƙarshe, gwiwa ta ce ita ta gama, ya tafi da baya ya zauna daɓas cikin ƙarangiyar da ya shayar da hannunsa.

Glory ta fashe da kuka.

Baba Sila ya tako har inda yake. Ya dubi gona, ya dubi mutumin da ke zaune. Ya ce, "Suruki, golmo ya lalace."

Nan fa Kofur ya ji abin har cikin ransa, don yana son ɗansa. Ya kama ƙafar tsohon.

"Baba, kada ka hukunta yaro da laifina. Na gane inda aka samu kuskure, giyar ce ta yi kaɗan. Ka ba ni baɗi. Kai, ba baɗi kawai ba, golmo irin na da zan yi maka, shekara da shekaru. Kuma ba wannan gonar kaɗai ba, har ta kan tudu zan haɗa. Gobe da sassafe zan fara."

Baba Sila ya zare ƙafarsa kamar ya taka garwashi. "Ta kan tudu? Wadda muke ci?"

"Ita fa. Kyauta. Ta Malam Lawwali ma zan duba masa."

Lawwali ya zube a gaban Baba Sila. "Baba, don girman Allah ka ba su ɗiyar ga. Ka ba su yau, mu samu lafiya."

Dattawan Dabai suka ce a ba su. Masu aladu suka ce a ba su. Matan rijiya suka ce su za su yi girkin biki.

Baba Sila ya ɗaga murya. "Glory! Share fuskarki. Na ba Justice ke, duniya ta shaida. Fasto, ka sa rana duk lokacin da ya samu hutu." Ya juyo ya nuna Kofur da sanda. "Sharaɗina ɗaya ne. Wannan bawan Allah kada ya ƙara taka gonata. Ko inuwarsa. In zai zo gaisuwa ya bi ta kwalta."

Aka ɗaga Kofur ana cire masa ƙarangiya ɗaya-ɗaya. Sauran daminar, mutanen Dabai suka ƙare ta a tsugune suna tumɓuke wuta-wuta suna ƙonawa, kuma sun san aikin bai ƙare da bana ba. Shi kuwa tun a hanyar gida ya fara gaya wa Monica cewa a tarihin ƙasar Zuru ba a taɓa yin golmon da aka roƙi ɗan golmo ya karɓi mata ba sai nasa.

Na yi dariya har gyaɗa ta zube daga cinyata. Monica ba ta yi ba. Ta tattara ɓawo a hankali, ta ce, "Mama Leah, ba dariya ta kawo ni ba. Ƙaramin ɗanmu Dawuda ya gaya wa ubansa yana son jikarki Goodness. Ɗazu na ji shi yana tambayar yara ta ina ake bi a je gonarki."

Washegari ko kunu ban tsaya sha ba. Na ɗaura zane na tafi gidansu, na iske Kofur yana hura wa keke iska, jarkoki na jere a gefe. Na gaishe shi da kyau, na tambayi gwiwa. Sannan na ce, "Ebenezer, in Goodness ta ce tana son Dawuda, na ba shi. Golmo kuma na yafe, ni da 'ya'yana da jikokina."

Ya ce, "Haba Mama, ai al'ada ce. Ko yini ɗaya ki bari in yi miki."

Na sunkuya na zare masa bawul ɗin taya na ƙulle a bakin zanena, na tsaya har iskar ta gama fita, sannan na tafi saran ƙayar da zan shinge gonata.